Koriyar Fitila, Farar Riga da Kwarin Toka: Zaurenmu Ya Zauna Kan Gatsby

Ɗalibar Aji Uku:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Taimako nake nema. A zangon nan an ba mu The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a 1925. Na karanta shi, na kuma bi wata takarda da ɗalibai ke yawo da ita, wadda ta jera launuka kamar jadawalin lissafi: kore buri, fari tsarki, rawaya kuɗi, ruwan toka talauci, shuɗi mafarki. Na haddace tsaf. Amma da na koma cikin littafin sai na ga abin ya ƙi zama. In fari tsarki ne, ya aka yi Daisy, matar da Gatsby ke so, wadda ta fi kowa sa fararen kaya, ita ce ta take mace da mota ta wuce ko tsayawa ba ta yi ba? Ko dai ni ce ban gane ba?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Ke kika gane, takardar ce ba ta gane ba. Na koyar da littafin nan shekaru kafin in ajiye alli, kuma abin da nake fara gaya wa yara shi ne su jinkirta tambayar me launi yake nufi, su fara tambayar wa ke kallo, kuma daga ina yake kallo.

Ɗauki motar Gatsby. Safiyar da ya zo ɗaukar Nick, maƙwabcinsa mai ba mu labarin, su tafi New York cin abinci, Nick yana tsaye gab da ita, ya ce ruwan madara ce, ƙarfe na ƙyalli ta ko'ina, kujerunta na koriyar fata. Yammacin da ta kashe Myrtle matar Wilson mai gareji, Michaelis, Bagirken nan mai gidan gahawa kusa da garejin Wilson, ya ce wa ɗan sanda yana jin koriya ce mai haske. Wani baƙar fata mai kyan shiga da ya gan ta a hanya ya ce rawaya ce, babba, sabuwa. Mota ɗaya, launi uku. Kuma rawayar nan ita Wilson ya riƙe a ransa har ya kai ga mai motar da bindiga. To a wane layi na jadawalinku za ki ajiye ta?

Injiniya:
Baba a gafarce ni. Ni fa ina ganin malaman adabi kan ɗora wa marubuci kayan da bai ɗauka ba. Kamar koriyar fitilar nan da Gatsby ke hange: fitila a bakin ruwa ana sa ta ne don masu kwale-kwale su gane wurin tsayawa da dare, shi ke nan. Shaidu kuwa ko'ina haka suke, hatsari ya faru da almuru, kowa ya faɗi abin da idonsa ya ba shi. Wannan ai sanin halin shaidu ne, ba wani sirri ba.

Maman Ilham:
Injiniya, ka yi gaskiya rabi. Fitilar ta masu kwale-kwale ce, kuma a nan gwanintar take. Ba aljani ya kunna ta ba, Tom Buchanan mijin Daisy ne ke biyan kuɗin wutarta, kuma ina da tabbacin ko ɗaga kai ba ya yi ya dube ta. Mutum ɗaya ne ya mai da ita alƙibla.

Bi ta sau ukun da ta fi fitowa ka gani. Na farko a ƙarshen babi na ɗaya: Nick ya hango maƙwabcinsa shi kaɗai cikin duhu, ya miƙa hannuwa wajen ruwa, jikinsa kamar yana rawa. Nick ya duba, bai ga komai ba sai ɗan ɗigon kore can ƙetare. A lokacin ba mu ma san Daisy ce a can ba. Daga baya Jordan, ƙawar Daisy, ta gaya wa Nick cewa Gatsby ya sayi katafaren gidan ne kawai don ya zama gidan Daisy yana ƙetaren ruwa da shi.

Na biyu a babi na biyar, ranar da suka haɗu bayan kusan shekara biyar. Daisy tana tsaye a gefensa a gidansa, ta saƙala hannunta a nasa. Ya ce mata da ba don hazo ba da sun hango gidanta, akwai koriyar fitila da ke ci dare farai a ƙarshen gadar kwale-kwalenta. Ku lura, ranar da ya samu matar, ranar hazo ya rufe fitilar. Nick da ke tsaye yana kallo ya ji a ransa cewa girman fitilar ya faɗi ke nan, ta koma fitila a kan gadar katako.

Mu mun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Fitzgerald ya ƙara wani abu mai ciwo a kai: akwai wanda hangen ya fi masa shigar daɗi, domin Dalar da ya gina a ransa ta fi ta gaske tsawo. Daisy ba ta yi wani laifi a yammacin ba. Mace ce mai rai, tana da miji, tana da 'ya. Shekara biyar yana yi mata ado a zuci, ba macen da za ta cika wannan riga.

Na uku a shafin ƙarshe, inda Nick ya kwanta a rairayin bakin teku ya tuna matuƙan jirgin Holan da suka fara hango tsibirin nan kore shar, kafin a sare itatuwan a gina irin gidan Gatsby. Ya ɗinke koren fitila da koren ƙasar da Turawa suka hango suka kwaɗaita. Abin ya tashi daga soyayyar mutum ɗaya ya zama labarin Amurka. Sau uku, a farko, a tsakiya, a ƙarshe. Wannan ba tuntuɓen alƙalami ba ne.

Injiniya:
Na karɓi ta hazo, Anti. Ban lura da ita ba sam. Amma har yanzu ina tambaya, shi marubucin ya san yana yi?

Baba Mai Ritaya:
Ya sani. A 1924 yana kudancin Faransa yana rubuta littafin, ya aika wa editansa Maxwell Perkins wasiƙa yana roƙon kada a ba wani zanen bangon da aka tanada masa, domin ya riga ya saka shi a cikin labarin. Zanen Francis Cugat ne, idanu biyu suna shawagi a shuɗin dare bisa fitilun gari. Mutumin da ke ɗauko zane ya mai da shi rubutu, da ido yake aiki.

Abu Hanif:
Ni kam farin Daisy nake so mu tsaya a kai, domin ya daɗe yana ci mini rai. Kallon kitse aka yi wa rogo, ba ƙari ba ragi. Duka biyun farare ne, sai ka kai baki. Ranar farko da Nick ya shiga gidansu, ita da Jordan suna kan doguwar kujera cikin fararen riguna, iska na kaɗa labulaye, rigunan na tashi kamar yanzu suka sauko daga sama. A garinsu Louisville ma tana budurwa fararen kaya take sawa, ƙaramar motarta fara. Sunanta kansa sunan fure ne mai fararen ganye da rawayar tsakiya. Ɓare farin, kuɗi ne a ciki. Shi kansa Gatsby ya faɗa wa Nick cewa muryarta cike take da kuɗi.

Abin da ba zan yafe mata ba daren hatsarin ne. Ita ke tuƙi. Gatsby ya ce zai ce shi ne. Yana tsaye cikin shuke-shuken gidanta da kwat ɗinsa ruwan hoda yana gadi, wai kada Tom ya taɓa ta. Nick ya leƙa ta taga ya gan su biyu, mata da miji, a teburin kicin, da sanyayyen soyayyen kaza a tsakaninsu, Tom ya ɗora hannu a kan nata, suna ƙus-ƙus kamar masu ƙulla wani abu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka kashe shi ko fure ɗaya ba ta aiko ba.

Gwaggon Yara:
Abu Hanif ƙanena, tsaya. Ba zan wanke Daisy daga jinin Myrtle ba, Allah ya kiyaye. Amma kun cika karanta ta da idon maza biyun da ke jayayya a kanta. Koma ɗakin nan na labulaye da ka ambata. Wa ya kashe iskar? Tom ne ya rufe tagogi da ƙarfi, labulaye suka kwanta, riguna suka kwanta, matan suka dawo ƙasa. Shafi ɗaya ya nuna maka auren gaba ɗaya.

Shekararta 18 lokacin da ta haɗu da Gatsby a 1917, yana ƙaramin hafsa zai tafi yaƙi. Ta jira iya jiranta, gida na matsa mata. A watan Yuni 1919 aka sa aurenta da Tom, ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Ana gobe ɗaurin aure Jordan ta same ta a ɗaki ta sha ta bugu, ita da ba ta taɓa sha ba, wasiƙa a hannu, sarƙar a kwandon shara, tana cewa a mayar wa mai ita, ta fasa. Me aka yi? Aka tsoma ta a ruwan sanyi, wasiƙar ta jiƙe ta dagargaje a hannunta, aka ɗaura mata sarƙar, washegari aka ɗaura aure. Ba a jima da dawowa yawon amarci ba Tom ya yi hatsari da wata ma'aikaciyar otal a motarsa, har jarida ta buga. Ranar da ta haihu ba ta san inda yake ba. Da aka ce mata mace ce ta juya kai ta yi kuka, ta yi wa jaririyar fatan ta tashi kyakkyawa marar wayo, don a ganinta shi ne kaɗai sauƙin mace a duniyarsu.

To ni farin nan ba tsarki nake gani ba, ba kuma munafunci zalla ba. Kayan aiki ne da gidansu ya ɗinka mata, kamar yadda ake ɗinka wa soja kaki. Farar riga ba ta zama fara sai ga wadda ba ta shara, ba ta hura wuta, akwai mai wanke mata. Matar da ke kwarin toka, jujin da su Wilson ke zaune, ba za ta iya sa ta ba ko ta awa ɗaya. Fari a littafin nan shaida ce cewa akwai wani a wani wuri da ke ɗaukar dattinka.

Maman Ilham:
Gwaggo, wannan jimlar taki ta ƙarshe ita ce ƙofar kwarin toka. Ɗaliba, rubuta ta.

Abu Hanif:
Na ji Gwaggo, kuma na rage zafi. Amma tausayin yarinyar 1919 ba zai hana ni tuhumar matar 1922 ba. An ba ta zaɓi tsakanin Tom da Gatsby a otal ɗin Plaza da ke New York, ta koma inda katanga ta fi kauri.

Gwaggon Yara:
Ta koma, ban musa ba. Amma ka tuna abin da Gatsby ya nema a ɗakin. Bai ce ta zaɓe shi kawai ba. Cewa ya yi ta faɗa wa Tom ba ta taɓa son sa ba, ko na rana ɗaya. Ta goge shekarun aurenta har da 'yarta kamar ba a yi ba. Ta ce masa abin da yake nema ya yi yawa. A wannan gaɓar kaɗai, ita ce mai gaskiya a ɗakin.

Ɗan Marina:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan adabi ba ne, a bakin karofi na tashi, mahaifina marini ne, littafin kuma ƙanwata ce ta bar shi a gida na ɗauka. Amma maganar Baba ta cewa launi ba ya tsayawa wuri ɗaya ta taɓa ni, don da idona na san haka. Wanda bai taɓa tsayawa a marina ba yana zaton zane shuɗi yake fitowa daga rijiya. Ba haka ba ne. In ka tsamo shi kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska a hannunka ka ga yana juyewa yana zama shuɗi kana kallo. Koren na ɗan lokaci ne, ba ya jure iska. Da na zo wurin fitilar da Anti ta bayyana, wannan na tuna.

Na biyu, mu a Hausa mai kuɗi shi ne mai hannu da shuni. Launin arzikinmu shuɗi ne mai duhu, su nasu zinare da koren dala. Amma abin da mai sayen rawani ba ya gani shi ne, ba a haɗa ruwan baba sai da toka. In an gama, abin da ya kwanta a gindin rijiya a kwashe shi a tara gefe. Duk inda ka ga shuni yana ƙyalli a kan wani, akwai tudun toka a bayan wani. Shi ya sa kwarin tokar littafin bai zo mini a baƙo ba.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Ka ba ni abin da ban samu a littattafan sharhi ba.

Bari in shimfiɗa wa ɗalibarmu taswirar, don wuraren huɗu ne kuma kowanne da irin mutanensa. East Egg na 'yan na-gada ne, su Tom, waɗanda suka buɗe ido suka tarar. Gidansu ja da fari, tsohon fasali, ciyawa ta taso tun daga bakin teku har ƙofa. West Egg na 'yan na-koya ne. Gidan Gatsby kwaikwayon wani ginin hukuma ne na Normandi a Faransa, sabo fil, ganyen da ke bin bangonsa ko kauri bai yi ba. A ɗakin karatunsa wani baƙo mai tabarau kamar mujiya ya yi mamakin cewa littattafan na gaske ne, amma ba a ko yanke shafukansu ba, wato ba a taɓa buɗe su ba. Daga sama unguwannin biyu kamar ƙwai biyu suke, ruwa kaɗan ne tsakaninsu, amma kuɗi ba ya ƙetar da mutum. Fitzgerald ya san wurin, ya zauna a Great Neck da ke Long Island daga 1922 zuwa 1924, yana hangen unguwar tsofaffin masu kuɗi a ƙetare.

Sai New York, inda kowa ke zuwa ya aikata abin da ba zai yi a gida ba. Can Tom ya kama wa farkarsa Myrtle ɗaki, can Gatsby ke ganawa da Wolfsheim, abokin harkarsa ta ɓoye.

Na huɗu kwarin toka, tsakanin West Egg da birni. Wuri ne na gaske, jujin Corona a yankin Queens, inda ake zubar da tokar kwal da sharar gari. Daga baya aka share shi aka yi baje kolin duniya na 1939 a wurin. Abin da nake so ki riƙe: babu hanyar zuwa birni daga gidajen masu kuɗi sai ta cikinsa. Titin mota da layin dogo duka nan suka bi. Akwai gada mai ɗagawa a kan wani ƙazamin rafi, in an ɗaga ta jirgin ƙasa kan tsaya har rabin awa fasinjoji na kallon toka. Kullum suna gani, ba su taɓa gani ba. Wilson kuwa tokar ta hau kwat ɗinsa da gashinsa, har matarsa kan wuce ta gabansa kamar inuwa ce.

Ɗalibar Aji Uku:
Baba, to idanun da ke kan allon tallan fa? A takardarmu an rubuta "idon Ubangiji" kawai.

Maman Ilham:
Ƙanwata, duba wa ya faɗi haka a littafin. Allon tallan wani likitan ido ne, T. J. Eckleburg, shuɗɗan idanu manya cikin rawayan tabarau, ba fuska, fenti ya koɗe, mai shi ya daɗe da mantawa da shi. Wilson ne, bayan an kashe matarsa, hankalinsa ya gushe, ya tsaya a taga da asuba yana kallon allon yana cewa Allah na ganin komai. Michaelis ya ce masa wannan talla ce. A daren ma ya tambaye shi ko yana da cocin da yake zuwa a kira masa limaminsu, ya ce ba shi da ko ɗaya. Marubucin bai ce allon Allah ne ba. Ya nuna mana mutumin da aka raba da komai, har ya rasa inda zai kai ƙara sai gaban allon talla. Ni wurin nan ya fi mutuwar Gatsby sa ni hawaye.

Abu Hanif:
Myrtle ma ku dube ta da kaya. A gareji tana cikin shuɗiyar riga mai ɗigo-ɗigo. Za ta shiga jirgi ta sauya ruwan ƙasa. Da ta isa ɗakin da Tom ya kama mata ta sa doguwa ruwan madara, muryarta ta sauya, ta fara yi wa ma'aikata tsawa kamar matar gidan sarauta. Tana matsowa kusa da fari amma ba ta kai ba. Kuma a daren, cikin rigar, Tom ya fasa mata hanci don ta ambaci sunan Daisy. Motar Gatsby ma ruwan madara ce. Su biyun da suka yi ƙoƙarin hawa, launinsu ɗaya, kuma su ne suka mutu.

Baba Mai Ritaya:
Abu Hanif, shekara nawa ina koyar da shi ban haɗa rigar da motar ba. Na gode.

'Yar Damagaram:
Ina bin ku tun ɗazu daga nan Zinder. Akwai wani fari da ba ku taɓo ba, kuma mu baƙaƙe bai kamata mu tsallake shi ba. A cin abincin farko, Tom ya ɗauko zancen wani littafi da ya karanta, yana huci wai in ba a yi hattara ba sauran jinsuna za su shanye farar fata. A Plaza ma da rigima ta yi zafi, sai ya koma kan auren baƙi da fari. Ba a banza aka sa masa wannan a baki ba, zamanin ke nan: a 1924 Amurka ta yi dokar da ta taƙaita shigar baƙin haure daga kudanci da gabashin Turai, ta toshe ƙofa ga mutanen Asiya. To farin East Egg har da na fata, da na asali. Ƙin da Tom ke wa Gatsby ba kishi kaɗai ba ne. Yana kiran sa wanda ba kowa ba daga inda ba a sani ba. Ya ga kwat ruwan hoda ya ce mai sa wannan ba zai yi karatu a Oxford ba, kamar yadda Gatsby ke iƙirarin ya yi.

Sai dai ba zan ɓoye ba, shi ma Nick bai tsira ba. Yadda ya siffanta baƙaƙen nan uku da farin direba ke tuƙa su a kan gadar Queensboro, da yadda ya dinga nanata hancin Wolfsheim Bayahude, akwai raini a ciki. Ina son littafin, amma wuraren nan biyu suna tsaya mini a wuya duk karatu.

Maman Ilham:
Gaskiya ce 'yar'uwa, kuma gara a faɗa wa ɗalibai ita a fili. Mai ba da labarin ya ce mana shi ba ya saurin yanke wa mutane hukunci, amma idonsa idon ɗan gidan rufin asiri ne da ya yi Yale tare da Tom. Launukan duk ta idonsa suka biyo kafin su iso mana.

Injiniya:
To ni da na fara da musu, bari in kawo nawa. Rawaya da zinare ba ɗaya ba ne a littafin, yanzu na koma na duba. Ranar haɗuwa da Daisy, Gatsby ya sa farin kwat, riga ruwan azurfa, laktaye ruwan zinare, ya yi shigar kuɗi sak. Amma a shagalinsa rawaya ce ke yawo: 'yan mata biyu masu rawayan riguna, har kiɗan ma an kira shi rawaya. Ginin da garejin Wilson yake ciki na rawayan bulo ne. Kamar rawaya zinare ne da bai samu gado ba. Kuma kada mu manta kuɗin Gatsby daga ina suke. Dokar hana sayar da giya ta fara aiki a 1920 ba a soke ta ba sai 1933, shi kuma ta kantunan magani suke sayar da ita a ɓoye shi da Wolfsheim.

Abin da ya fi kama ni lemo ne. Duk Juma'a akwatunan lemon zaƙi da na tsami suna isowa daga New York, duk Litinin ɓawonsu na fita ta ƙofar baya tsibi guda, an matse su tas. Akwai na'urar da ke matse lemo 200 cikin rabin awa, in hadimi ya danna maɓalli sau 200. Haka baƙin suka yi wa mai gidan.

Gwaggon Yara:
Inuwar giginya. Ɗaruruwa sun ci sun sha a lambunsa, ranar jana'iza motoci uku ne cikin ruwan sama: Nick, tsohon mahaifinsa da ya taso daga Minnesota, limamin coci, 'yan hadimai da mai kai wasiƙu. Sai mai tabaran mujiya da ya iske su a maƙabarta. Wani da ya yi makonni yana kwana a gidan ya bugo waya, ba ta'aziyya ba, takalman wasansa da ya manta yake so a aika masa.

Baba Mai Ritaya:
Yanayin sama ma yana tafiya da su. Ruwa ake ranar haɗuwa, ya ɗauke da suka daidaita. Rigimar Plaza ta faɗo a ranar da ta fi kowace zafi a bazarar, ranar da Nick ya cika 30. Washegari iska ta sauya, mai kula da lambu ya ce zai zubar da ruwan tafkin wanka kafin ganye ya fara zuba ya toshe bututu. Gatsby ya ce a bari, bai shiga ba duk bazarar. Ya ɗauki katifar iska ya nufi tafkin ta cikin itatuwan da suka fara rawaya, yana jiran wayar Daisy. Koren ganyen ma ya juya. Yaron da aka haifa James Gatz a gidan manoma talakawa a Dakota ta Arewa, ya sauya suna yana ɗan 17, bai yarda kaka ta shigo ba.

'Yata, in za ki rubuta, ɗauki launi ɗaya ki bi shi daga nesa zuwa kusa. Kada ki jera biyar.

Ɗalibar Aji Uku:
Na gode Baba, na gode iyayena duka, Allah ya saka da alheri. Tun da Gwaggo ta yi maganar mai ɗaukar datti na koma babin ƙarshe, kuma ina jin fari zan ɗauka. Na samu wani wuri da ban lura da shi ba a karatun farko. Daren da Nick zai bar West Egg ya koma gida, ya je ya yi wa gidan Gatsby kallon ƙarshe. Ciyawar da ake aske wa kullum ta yi tsawo. A kan fararen matakalar ƙofa wani yaro ya rubuta kalmar batsa da gutsuren bulo, tana fitowa sarai a farin wata. Ba hadimi ko ɗaya da ya rage. Nick ne ya sa takalminsa ya dinga gogawa a kan dutsen har ta goge, sannan ya gangara bakin ruwa.

Da wannan zan buɗe, sai in koma baya zuwa ɗakin labulaye. Anti Maman Ilham, in na gama zan turo miki ta akwati ki duba mini kafin Alhamis.

Maman Ilham:
Turo ƙanwata, ina nan. Ki haɗa da lambar shafukan bugun da ke hannunki, nawa tsohon bugu ne, shafukanmu ba za su zo ɗaya ba.